DAGA KAKA ZUWA DAMINA: YADDA ZA MU TSARE ABIN DA ALLAH YA BA MU

  

A yawon da mu kan yi cikin ƙauyuka mun lura da wani abu mai ban tausayi. Ran idin godiya na kaka majami'a ta kan cika da damunan dawa da buhunan masara, kowa yana murna. Amma in muka koma waɗannan ƙauyuka cikin watan Yuli ko Agusta, sai mu tarar gidaje da yawa tuwo sau ɗaya a ke ci a yini. Maigida yana noma da yunwa, uwargida tana neman rancen mudu biyu a maƙwabta. Wani lokaci ƙarancin ruwan sama ne ya kawo haka. Amma sau da yawa gona ta yi kyau sarai, a cikin gida ne abincin ya lalace. Ƙwari sun ci nasu, ɓeraye sun ci nasu, hunhuna ta ɓata wani, sauran kuwa an kai kasuwa tun da kaka sa'ad da hatsi ba shi da daraja.

Mun san labarin Yusufu a ƙasar Masar cikin Littafin Farawa, sura 41. Yusufu bai sa an yi ruwa ba, bai kuwa hana fari zuwa ba. Abin da ya yi shi ne, ya sa aka ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi, aka tsare shi da kyau, har ya ceci al'umma. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san wannan labari ba tatsuniya ba ne. Domin haka a wannan fitowa za mu yi magana a kan aikin da ke jiranmu a cikin gida bayan an gama na gona.

Shanya ita ce farkon ajiya

Hatsin da bai bushe ba, ko an sa shi a rumbun ƙarfe sai ya lalace. Danshi ne ke kawo hunhuna, musamman a masara da gyaɗa. Wata irin hunhuna tana barin dafi a cikin ƙwaya wanda likitoci ke kira afalatoksin. Ba a ganin dafin da ido, dafuwa kuma ba ta kashe shi, ko suya. Yana cin hanta a hankali, yana kuma hana yara girma yadda ya kamata. An fara gane shi a Ingila bayan 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu domin an ba su abincin da aka haɗa da ruɓaɓɓiyar gyaɗa. A 2004 kuma, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da aka ajiye da danshi.

Ga abin da za mu yi. Kada mu shanya masara ko gyaɗa a ƙasa ziryan. Mu shimfiɗa tabarma, ko tamfol, ko mu shanya a daɓe mai tsabta, muna juyawa. Da yamma a kwashe, kada raɓa ta sauka a kai. In muna so mu san ko hatsi ya bushe, mu ciji ƙwaya ɗaya. In ta fashe da ƙara, ta bushe, in ta lotsa, da saura. Akwai kuma gwajin gishiri. A sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, a toshe, a girgiza sosai, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da danshi, sai a mai da shi rana.

Mata, ku tsince gyaɗa kafin ku ajiye. Wadda ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko ta yi ɗaci, a binne ta. Mun san abin da a kan yi, a kan ce mai kyau ta tafi kasuwa, maras kyau a yi ƙuliƙuli a gida. Wannan kuwa ba wa 'ya'yanmu dafi ke nan da hannunmu. Ko dabba kada a ba ta, gama dafin ya kan bi nonon saniya ya komo gare mu. Kada kuma a yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa.

Gyaran rumbu

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin sabon hatsi ya shiga rumbu, a fitar da tsohon duka. A share rumbun ƙal, a ƙone sharar, domin a cikinta ne ƙwarin bara suka bar ƙwayayensu. Wanda ya zuba sabon hatsi a kan tsoho ya yi wa ƙwari biki ne. A yaɓe kowace tsaga ciki da waje. A duba duwatsun da rumbun ke kai, a karkaɗe hanyar gara. A sake jinka in ta tsufa, gama ruwan bazara ba ya sallama. A nome ciyawa kewaye da rumbu, kada a jingina itace ko kara a jikinsa, domin su ne tsanin ɓera.

Dawa da gero sun fi daɗewa in an ajiye su da zangarniyarsu, kamar yadda kakanninmu suka saba. Busasshen ganyen dalbejiya da a kan shimfiɗa tsakanin damuna yana taimako wajen korar ƙwari. In a buhu za a ajiye, kada buhun ya taɓa ƙasa ko bango. A jera itatuwa a ɗora a kai. A riƙa dubawa kowane mako biyu. Wanda ya rufe rumbu da kaka bai sake leƙawa ba sai bazara, ya kan sami gari a maimakon hatsi.

Wake da maganin ƙwari

Wake shi ne ya fi ba mu wahala. Ƙwaronsa tun daga gona ya ke biyo shi, cikin wata biyu ko uku kuwa sai ka ga kowace ƙwaya ta huje. Tsoron wannan ne ke sa manomi ya sayar da wakensa da araha, ko kuwa ya zuba masa guba.

Muna roƙonku, kada ku zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a cikin abin da mutum zai ci. Saboda irin wannan guba ne ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. In baƙo ya ƙi cin abincinmu don tsoron ransa, ƙaƙa za mu ba 'ya'yanmu, ko mu sayar wa maƙwabcinmu da muka yi sujada tare? Ƙwayar Phostoxin kuma iska mai kisa ta ke fitarwa. Ba a ajiye buhun da aka sa ta a ɗakin kwana, ko ɗakin da ke manne da shi. A bar wannan aiki ga waɗanda aka koya musu.

Akwai hanyar da ba ta bukatar guba ko kaɗan. Ƙwaro ma numfashi ya ke yi, in an hana shi iska sai ya mutu. Wannan ita ce dabarar buhun nan mai ciki uku da a ke kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka shirya tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara bazawa a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Amma sai an bi ƙa'idarsa. A tabbata waken ya bushe, an sheƙe shi. A duba ledojin kada a sami huda. A zuba waken a leda ta ciki, a matse iska ta fita, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure tam. Sa'an nan a ɗaure ta biyu dabam, buhun waje ma dabam. Kada a riƙa buɗewa. Wanda za a ci yau da gobe a ware shi a wani wuri. Buhun yana yi wa masara da dawa ma, in ledar ba ta huje ba kuwa za a sake aiki da shi baɗi.

Wanda bai sami wannan buhu ba, duro mai murfi ko jarka mai tsabta za su yi, muddin an cika su fal an toshe sosai, kuma ba a taɓa zuba mai ko magani a cikinsu ba. Waken iri kuwa, in kaɗan ne, a tankaɗe toka mai sanyi, a gauraya mudun toka da mudun wake, a zuba a tukunya, a rufe saman da toka.

Ɓera ba ɓarawo kaɗai ba ne

Mu 'yan ekklesiya muna da dalilin tunawa da wannan magana fiye da kowa. A watan Janairu na 1969, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine, wadda ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa, a Jihar Borno ta yanzu, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kawo ta asibitin mishan na Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka, ta sha wuya ƙwarai kafin ta warke. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, ta ɗauke Likita Jeanette Troup. An sa wa cutar suna zazzaɓin Lassa.

Daga baya aka gane wani ɓera ne ke ɗauke da cutar, irin wanda macensa ke da nonuwa da yawa, mai zama a gona da cikin gida. Shi ba ta yi masa kome. Fitsarinsa da kashinsa ne ke ɓata abinci. Da rani cutar ta fi yawa, lokacin da aka ƙone daji, ɓeraye suka gudo gida neman abinci.

Saboda haka mu daina shanya garin rogo ko hatsi a bakin hanya muna barinsa ya kwana. Kowane abinci a rufe, tuwon da ya kwana a ɗumama shi sosai. A toshe ramuka a ɗaki. A kai juji nesa da gida. A yi kiwon kyanwa. In tarko ya kama ɓera, kada a ɗauka da hannu, a sa tsinke ko leda, a binne. A hana yara farautar ɓeraye da cinsu. In mutum ya yi zazzaɓi, an ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro da kasala, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Maganin ya fi ci in an fara da wuri. Mai jinya kuma ya kiyaye kansa daga jini da amai da fitsarin maras lafiya.

Lambun bayan gida

Tuwo yana cika ciki, amma miya ce ke gina jiki. Da rani gidaje da yawa ba su da abin miya sai kuka da busasshiyar kuɓewa, yau da gobe. Alhali kuwa kowane gida yana zubar da ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanoni a banza, har ya zama kwatami, sauro na haihuwa a ciki. Wannan ruwa ya isa ya rayar da ɗan lambu.

Ba sai babban fili ba. Taki biyar a tsaye, taki biyar a kwance ya isa. A kewaye da dangar kara mai ƙarfi, gama akuya ba ta da kunya. A yi kwami uku ko huɗu. A shuka alayyafo, wanda cikin mako huɗu zuwa shida za a fara tsinka, da rama, da yakuwa, da kuɓewa, da tumatir da tattasai kaɗan. A jikin danga a dasa zogale. Da ƙwaya ya ke fita, da reshe ma ya kan kama. In ya kai ƙirjin mutum a datse kansa don ya yi rassa, kada ya yi tsawon da hannu ba zai kai ba. Inda ruwan wanka ke gangarawa a dasa gwanda ko ayaba, amma kada a zuba ruwan wanka ko mai sabulu da yawa a kan ganyen da za a ci.

A ba da ruwa da sassafe ko da yamma. A rufe ƙasar kwamin da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, domin rana kada ta shanye danshin. Wanda ya yi haka zai ga ruwan da ya ke ɗiba ya ragu ƙwarai.

Takin lambu kuwa a gida ya ke. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa ya kai ƙugu. A riƙa zuba sharar tsakar gida, da ɓawon gyaɗa, da kashin awaki da na kaji, da toka kaɗan, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa. Ban da leda, da kwalba, da tsohon batir. A juya shi sau ɗaya a wata. Cikin wata uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ba wari. Abin da lambu ya rage a kai gona.

In ƙwari suka dami lambun, a daka busassun 'ya'yan dalbejiya rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana. A tace da ƙyalle, a yayyafa da yamma a saman ganye da ƙarƙashinsa. A sake bayan mako guda. A wanke ganye da kyau kafin a dafa.

Ganye kore, da gwanda, da kabewa, da mangwaro, da dankali mai jan ciki suna tsare yara daga dundumi, suna kuma ƙarfafa jikinsu gaban cututtuka. A sa ganye a miya daf da saukewa, da ɗan man gyaɗa ko manja, gama mai ne ke taimakon jiki ya sha amfaninsa. Ganyen da za a ajiye a shanya shi a inuwa, domin rana tana ƙone amfaninsa. Garin zogale cokali ɗaya a kunun yaron da ya wuce wata shida ba ƙaramin taimako ba ne.

Randa da salga

Manya a cikinmu sun tuna da kurkunu, yadda ya kan kwantar da manomi daidai lokacin noma. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya fiye da mutum 600,000 masu kurkunu a Nijeriya cikin shekara guda. Ba allura ce ta kawar da shi ba. Tace ruwa ne da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon shiga tafki. Janar Yakubu Gowon da kansa ya bi ƙauyuka yana faɗakarwa. An ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Wannan ya nuna abin da ƙaramin aiki ke yi in kowane gida ya riƙe shi.

Gudawa da amai kuwa suna nan. Randa ta kasance da murfi. Moɗa ta zama mai dogon hannu, a rataye ta, kada kowa ya tsoma kofinsa. Ruwan rafi ko na tafki a tafasa shi. Salga ta yi nisan mita 30 daga rijiya, wato kamar taki 40 na babban mutum, ta kuma kasance ta gangare. A rufe bakinta. A wanke hannu da sabulu, ko toka in babu, bayan an fito, da kuma kafin a taɓa abinci.

In yaro ya kamu da gudawa, ƙarewar ruwan jiki ne ke kashe shi. A dama ƙunshin gishiri da sukari na asibiti yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci. A karɓo masa ƙwayar zinki a ɗakin magani, ya sha kwana 10 zuwa 14. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gidansa, sai asibiti nan da nan.

Abin da ƙungiya za ta yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai abin da gida ɗaya ba zai iya ba. Ƙungiya za ta iya sayo buhunan ajiya gaba ɗaya da rahusa, ta sayi tamfol na shanya a riƙa karɓa bi da bi, ta sa rana guda da dukan unguwa za su yi shara su toshe ramuka, gama in gida ɗaya ya kori ɓera gidan maƙwabci zai koma.

Babban aiki kuwa shi ne rumbun ƙungiya. Bayan farin 1973 ƙauyuka da yawa a Nijar da Burkina Faso suka kafa irinsa. Kowa ya kawo abin da aka yanka da kaka, a ajiye. In damina ta yi tsakiya a ba mabukata rance, su biya da kaka da ɗan ƙari kaɗan domin rumbun ya ci gaba. Sai dai mu faɗi gaskiya, da yawa cikin waɗannan rumbuna sun mutu. Ba ƙwari suka kashe su ba, rashin biyan bashi ne da rashin amana. Mu ma mun ga wata ƙungiya da ta watse domin ma'aji ya ba surukinsa buhu uku ba a rubuta ba, har maganar ta raba majami'a biyu. In za ku kafa, a sa makulli biyu ko uku a hannun mutane dabam-dabam, da mace a cikinsu. A rubuta kowane mudu da ya shiga ko ya fita. A karanta littafin a gaban kowa. Pasto ko dattijo in ya ci bashi, ya biya kamar kowa. A kuma ware wani kashi domin gwauraye da marayu, wanda ba rance ba ne.

Maigida da uwargida kuma su zauna tare tun yanzu su yi lissafi. Mudu nawa gidan ke ci a mako? Mako nawa ya rage kafin sabuwar masara? A ware wannan tukuna, da iri, da baiko. Abin da ya saura shi ne na kasuwa, da na biki, da na kuɗin makaranta. Uwargida ce ke auna hatsi kullum, ita ta san amsa.

Ga tambayoyi domin taronku na wannan wata. Gidaje nawa ne a ƙungiyarmu hatsinsu ya ƙare kafin Agusta bara, mene ne kuma dalili? Wa zai nuna wa sauran yadda a ke ɗaure buhu mai ciki uku? Wane gida ne zai fara lambu don mu je mu gani? Ku rubuto mana abin da kuka shirya, da dabarun da ku ke da su waɗanda ba mu ambata ba, za mu buga domin wasu su amfana.

Ubangiji da ya ba mu ruwa da amfanin gona ya ba mu hikimar riƙonsu, ya kai mu wata kakar lafiya. Amin.